Ƙafar Tela a Kan Totur

Idan da safe ka ga wata ƙaramar bas mai ruwan ɗorawa ta tsaya a bakin layinku, mace a kan sitiyari, tef ɗin awo na tela yana lilo a jikin madubi, to yayata ce. Ka gaishe ta, za ta amsa. Amma don Allah kar ka tsaya ka saki baki kana kallo, ta gaji da 'yan kallo, ni ma na gaji. Dattijon nan mai baƙin tabarau da ke zaune a gefenta kuwa mijinta ne. Yaran makaranta suna ce masa Baba Sannu.

Duk wanda ya san Yaya a da, tela ya sani. Tana 'yar budurwa babanmu ya kai ta shagon wata tsohuwar tela a ƙarshen layinmu, kuma ta daɗe tana dasa maɓalli da tsinke zare kafin a bar ta ta ɗora ƙafa a kan keke. Ni ma an kai ni shagon. Ranar da na haɗe hannun riga da wuyanta aka ce in tattara in koma makaranta, karatu ya fi dacewa da ni. Abin da ya mai da ni malamar firamare ke nan, ba wai don Allah ya ba ni haƙuri da yara ba.

Ita kuwa Yaya keke ya karɓe ta. Daga facin yagaggen wando ta koma ɗinkin mata, daga nan aka ba ta ɗinkin yunifom na wata makaranta gaba ɗaya. Kekenta baƙin nan ne na ƙafa. In ta zauna a kai, dunduniya da yatsu suke aiki, gaba, baya, gaba, baya, tun safe har la'asar. In kuma za ta tsaya, sai ta ɗauke ƙafa ta kai hannun dama ta dafe 'yar tayar nan da ke gefen kan keken, cak! Ko kallo ba ta yi. Ka riƙe ƙafar nan da hannun nan a ranka, don su suka kusa raba mu da gida.

Shi kuma mijin nata da wankin mota ya fara. Ya zama yaron mota, ya ja babbar mota shekara da shekaru, da ya gaji da kwanan hanya sai ya karɓi bas ɗin wannan makarantar. Sunan Baba Sannu kuwa ya ci shi, don ko mai tura baro in ya dage zai iya wuce shi. Kujerun bas ne suka yayyage, shugabar makarantar ta tura shi wajen telar yunifom a ɗinka musu riguna. Yau ya kawo awon kujera ɗaya, gobe ya dawo da awon wata, alhali duk girmansu ɗaya. Ni na fara gano shi. Na ce, "Yaya, mutumin nan ba kujera yake aunawa ba." Ta jefe ni da alli.

Aikin direba a makarantar da gida yake tafe: ɗaki biyu da ɗan falo a bayan ajujuwa, jikin rumfar da bas ke kwana. Nan aka kai Yaya, nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta dasa lemun tsami a bakin taga har ya fi rufin tsawo. Wanda ke riƙe da makullin bas, shi ke da gidan. Kowa ya san haka, sai dai ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kai.

Sai ido ya fara ba Baba Sannu matsala. Wata rana mai babur ya wuce ta gefensa bai gan shi ba sai da ya ji ƙara. Likita ya duba ya ce gefe da gefe ya riga ya tafi, abin da ya rage kamar leƙe ta cikin bututu ne, shi ma lallaɓa shi za a yi. Ba wanda ya kore shi. Shi da ƙafarsa ya je ofis ranar da aka ba da dogon hutu, ya ajiye makulli a teburin Shugaba ya ce ba zai ɗauki 'ya'yan mutane da rabin ido ba. Ta ce su zauna a gidan har a dawo hutu, amma sabon direba zai zo da iyalinsa. A lokacin kuwa ɗinkin ma ya ja baya, makarantar ta koma sayen yunifom ɗinkakke daga kamfani, abin da Yaya ke samu bai kai ya kama musu haya ba.

Baba Sannu kuwa, mutumin da in ya fara hira sai ka nemi hanyar gudu, ya yi tsit. Kullum yana kan benci a ƙarƙashin rumfa, ya jingina da tayar bas. Na je na tsokane shi kamar yadda na saba, na ce, "Angon Yaya, an yi ritaya ke nan?" Ko ramawa bai yi ba. Wallahi ranar na koma gida da kuka.

Yaya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta yafa mayafi, ta ce in raka ta ofis.

"Hajiya, makullin nan na zo nema," in ji ta.

Shugaba mace ce mai tabarau a kan hanci, wadda malamai ke gyara tsayuwa in sun ji takunta. Ta ce, "Wa zai ja?"

"Ni."

"Kin taɓa tuƙi?"

"Ban taɓa ba. Amma tun ina yarinya nake zaune a kan inji, ban taɓa ɗinke yatsan kowa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugaba ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ki kawo mini lasisi kafin a dawo hutu. Bayan haka zan shiga motar da kaina ki zaga da ni gari. In raina bai kwanta ba, ba na son roƙo." Ta ba da aron makulli, da sharaɗin filin ƙwallon makaranta kawai za a koya.

Da muka dawo, Baba Sannu ya ce atafau. "Tela," haka yake kiranta tun ranar awon kujera, "mota ba keke ba ce."

"Tana da taya?"

"Tana da shi."

"Tana da feda?"

"Har uku."

"To tashi mu je."

Ya ce shi da ba ya gani, yaya zai koyar? Suka juyo gaba ɗaya suka kalle ni. Haka na zama ido. Shi kunne da baki a kujerar gaba, ita hannu da ƙafa, ni kuma a baya ina ihun abin da ke gabanmu. Hutuna gaba ɗaya a nan ya ƙare, kuma har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Ranar farko mota ta yi ta mutuwa har na daina sa rai. Can dai kuloci ya yarda, muka motsa. Kai, tabɗi! Bas ta zabura, ta noƙe, ta zabura, ta noƙe, kamar akuyar da ake ja da igiya. Goshina ya bugi kujerar gaba, ƙeyata ta bugi ta baya.

"Tela, me kike yi da ƙafarki?"

"Tuƙi nake!"

"Ɗinki kike! Ina jin injin, wallahi ɗinki kike!"

Na leƙa ƙasa. Ai kuwa ga ƙafar Yaya a kan totur, fedar ba mota wuta, tana gaba, baya, gaba, baya, hankalinta kwance, ko a jikinta. Ina cikin kallon ƙafa na manta da aikina. Da na ɗago, ga ƙarfen ragar ƙwallo nan ya tunkaro mu.

"Yaya, tsaya! Tsaya!"

Ta tsaya kuwa, irin tsayawar da ta sani. Ta ɗauke ƙafafu duka biyu, ta wurga hannun dama neman 'yar tayar keke. Hannun ya sauka a ƙirjin mijinta, tim! Hula ta yi sama. Bas ta ci gaba da gangarawa a hankali har ta sumbaci ƙarfen raga ta mutu.

 Sai na ji wani sauti daga kujerar gaba, na ɗauka numfashinsa ne ya sarƙe. Ashe dariya yake. Dariya har da dukan gwiwa, har da hawaye. Rabon da mu ji wannan dariyar tun kafin zuwa wajen likita. Yaya ta harare shi, amma na ga ta juya tana goge ido da bakin mayafi.

Dariya dai ba ta gyara ƙafa ba. Muka yi ta fama, rana na tafiya. In ya ce ta danne totur ta riƙe, sai ta riƙe na ɗan lokaci, da hankalinta ya koma kan sitiyari sai ƙafa ta koma shago. Ni na yi faɗa, na yi zuciya na sauka, na dawo. Har wani mutum ya zo da matarsa suna leƙen gidan ta katanga suna nuna taga da lemun tsamin. Wai shi ne ake sa ran zai zama sabon direba. Na ce masa ya bari a mutu kafin ya zo rabon gado, Yaya ta ja ni ciki.

Baba Sannu ne ya samo dabara. Muna zaune a falo ya ce, "Tela, keken lantarki yaya ake taka shi?"

Yaya ta taɓe baki. "Keken malalata? Dannawa kawai ake a riƙe. In kana son gudu ka ƙara, in ba ka so ka sassauta."

Ya yi murmushi. Ita ma ta ji abin da bakinta ya faɗa, ashe totur ke nan.

Matsalar ita ce, tun da keken lantarki ya shigo Yaya take zaginsa, kuma wadda ke da shi a kusa tsohuwar ɗalibarta ce, wadda ta sha gori a kan haka. Yaya ta haɗiye girman kai ta je. Matar nan, Allah ya yi mata albarka, ko uffan ba ta ce ba. Ta share mata kujera, ta jibge mata labulayen wani otal masu dogon ɗinki miƙaƙƙe. Yaya ta yi kwanaki tana danna feda tana sassautawa, da farko yadi na tsere mata, daga baya tana tafiyar da allura a hankali kamar da hannu. Da muka koma fili, bas ta tashi sumul. Ni da na riga na riƙe kujera da hannu biyu sai na ji kunya.

Saura birki. Nan kuma gidan ya koma gidan mahaukata. Ko ina Yaya take, tana shara ko tana wanki, sai ya ƙwala, "Birki!" ita kuma ta buga ƙafar dama a ƙasa. Tana zuba shayi, "Birki!" Tana gaisawa da baƙi, "Birki!" 'Ya'yansu suka karɓe, har ƙaramar cikinsu. Sau ɗaya a kan babban yatsana birkin ya sauka, na yi sati ina ɗingishi. Amma ƙafa ta koya. Ko a mota, kafin in rufe baki ta taka.

Hannu ne ya ƙi. Ƙafa za ta taka birki daidai, hannun hagu na riƙe da sitiyari gam, amma in tsayawar ta gaggawa ce sai na dama ya tafi neman kekensa. Ƙirjin Baba Sannu ya sha. Muka gwada ɗaure hannun da ƙyalle, sai ga shi ba damar canza giya. Muka bar wa Allah.

Lasisi sai a zuwa na biyu ta samu, don na farko ribas ya kayar da ita. Allah ya taimake mu ba abin da ya gifta gabanta a wajen gwajin, hannu ya zauna lafiya.

Ana gobe za a dawo hutu Shugaba ta fito da jakarta ta zauna a kujerar gaba. Ni da Baba Sannu muka koma baya. Ya kama hannun kujera gam. A hankali ya ce, "Auta, ki riƙa gaya mini." Na riƙa raɗa masa: mun fita get, ta sa sigina, mun shiga shataletale, ta ba mai tanka hanya, mun fita lafiya. Shi kuma yana gyaɗa kai yana bin kukan injin, leɓensa na motsi duk sanda ya kamata a canza giya. Shugaba ke ba da hanya. Sai dai ta nuna da yatsa, nan, can.

Ta sa mu cikin layin bayan kasuwa, matsattse, motoci a fake hagu da dama. Muna tsakiya sai ga mai baro ya faɗo daga tsakanin motoci biyu, ya tula bokitai har sun rufe masa fuska. Ni ko ihu ban samu yi ba. Yaya ta taka birki, bas ta tsaya cak, da sauran tazara tsakaninmu da shi.

Hannun kuma ya tafi. Tim! A ƙirjin Shugaba. Tabaranta ya zame daga hanci ya faɗa cinya.

Wayyo Allah. Na ga gida ya tafi, na ga lemun tsami a hannun mutumin katanga. Mai baro ya wuce abinsa, bai ma san an yi ba. Hannun Yaya na nan a inda ya sauka, ta kasa janyewa.

Shugaba ta ɗauki tabarau ta mayar. Ta kalli hannun, ta kalli Yaya. "Wannan kuma wa ya koya miki? Tare fasinja kar ya bugu?"

Na ga ƙofar kuɓuta ta buɗe, na yi wuf. "Ai Hajiya, haka take, tsabar kula da..."

"Auta, yi shiru," in ji Yaya. Ta janye hannunta. "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ke na tare ba. Keke nake tsayarwa."

"Wane keke?"

"Na ɗinki. Nan tayarsa take, daidai inda kike zaune. Ƙafata ta bar shi, hannun ne har yanzu bai ji labari ba."

Da ina kusa da na mintsine ta. Sai kafaɗun Shugaba suka fara girgiza. Matar da ko malamanta ba su san launin haƙoranta ba, ta kifa kai a jaka tana dariya har na bayanmu suka fara danna ham. Da ta samu numfashi ta ce mu tafi. Muka koma makaranta, Yaya ta shigar da bas rumfa da ribas, a hankali, ta kashe.

"Birkinki ya yi mini," in ji Shugaba. "Gudunki ma ya yi mini, da gani an san wanda ya koya miki. Gaskiyarki ta fi su duka. Amma ba ɗan da zai zauna a kujerar nan, kar ki karya mini haƙarƙarin ɗan mutane. Babba nake so a nan, wanda ya san gidan kowane yaro, ya tsawata musu ke ki ji da hanya. Sai dai ban san wanda zai yarda ya riƙa shan wannan dukan ba."

Daga baya aka ɗaga hannu. "Hajiya," in ji Baba Sannu, "ni na saba."

Ta miƙa wa Yaya makulli. Yaya ta juya ta kamo hannun mijinta ta sa masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Har yau shi ke ajiye shi, kullum da safe shi ke miƙa mata.

Yanzu shekaru sun tafi. Yaya ta zama direba ta sosai, har direbobin haya suna ɗaga mata hannu. Baƙin keken yana falo an rufe shi da zane, sai jikoki in sun zo su taka shi suna wasa. Idon Baba Sannu ya ƙara ja baya, amma yana gane kowane yaro da murya, yana sanin kowane layi da ramukan titinsa. In yaro bai fito ba, shi ke cewa a ɗan jira, uwarsa ba ta da lafiya jiya.

Kwanaki motar da nake hawa ta lalace, suka rage mini hanya. Kare ya gifta, Yaya ta taka birki, hannu ya tafi, tim, a ƙirjinsa. Da muka tsaya ta sauka tana tsallakar da wasu ƙanana titi, sai na matso kusa da shi.

"Angon Yaya, kai ma dai ka ji kunya. Ka gyara ƙafa, ka gyara ribas, ka gyara giya, hannu ɗaya ya gagare ka duk shekarun nan?"

Ya juyo da baƙin tabaransa wajena, ya rage murya. "Wa ya ce miki ya gagare ni? Na san yadda zan gyara shi tun tuni."

"To me ya hana?"

"Auta, ni yanzu ba na ganin hanya. Fuskarta ma sai ta matso sosai. Amma duk sanda wani abu ya taso mana, kafin in san mene ne, hannun nan ya riga ya iso kaina." Ya shafa ƙirjinsa. "Ita ta ce keke take tsayarwa. Matar da ta manta rabonta da keke. Ranar nan da mura ta kwantar da ni ta fita ita kaɗai, yara suka ce ta taka birki har sau nawa, hannun bai motsa daga sitiyari ba. Ki rufa mini asiri, kar ki gaya mata."

Ni da bakina ba ya mutuwa, sai ga ni na juya ina kallon taga. 

Yaya ta hawo tana haki, ta ja ƙofa. "Me kuke ƙus-ƙus a kai, ku biyun nan?"

"Ba komai," in ji shi, ya gyara zama. "Sa sigina, Tela, yara za su makara."